Taron tsofaffin ɗalibai mata ta waya: yadda muka yi a Garwa shekarar korona

Ƙungiyarmu ta matan da suka yi karatu ne a wata lise, wato makarantar sakandare, ta gwamnati a Garwa da ke arewacin Kamaru, waɗanda suka shiga tsakanin ƙarshen shekarun 1980 da tsakiyar 1990. Ni ce sakatariya, mai riƙe da littafin sunaye, kuma a kaina yawancin ƙorafi ke sauka. Tun kafuwar ƙungiyar akwai doka ɗaya da ba a taɓa ta: duk wadda ta zauna benci ɗaya da mu, ko da shekara guda ce, 'yar ƙungiya ce. Dokar na da dalili. A zamaninmu ne aka zabtare albashin ma'aikatan gwamnati sau biyu a 1993, sannan a Janairun 1994 aka karya darajar sefa da rabi. Gidaje da yawa suka kasa ɗaukar nauyin karatu, kuma in za a cire yaro ɗaya daga aji, kowa ya san wa ake fara cirewa. Shi ya sa a cikinmu akwai likita a Faransa, akwai malamar jami'a a Ngaundare, akwai ma'aikaciyar kamfanin auduga, akwai kuma waɗanda aka aurar tun ba su zauna jarrabawar BEPC ta kammala ƙaramar sakandare ba, yau suna tuyar masa ko ɗinki ko haɗa turaren wuta a cikin gida.

Sau ɗaya muke haɗuwa a shekara, a babban hutu, cikin Agusta. A fitar da anko, a ari harabar makaranta, a dafa shinkafa da kifin Binuwai, a jiƙa folere, wato zoɓo, a ɗauko tsofaffin malaman da ke kusa. Bayan an ci an sha sai a yi karo-karo don 'yan mata marayu na makarantar, washegari kuma a kasu a zaga gidajen da aka yi rashi a cikin shekarar. A ranar, da mai digiri da mai tuyar masa zane ɗaya suke ɗaurawa, tabarma ɗaya suke zama, kuma Fulatanci da Hausa ne ke yawo. Faransanci sai in za a yi wa malamai jawabi.

Abin da ya tare hanya

Ranar 6 ga Maris 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai korona a Kamaru, a Yawunde. Ranar 17 ga wata Firaminista Joseph Dion Ngute ya karanto matakai 13 na gwamnati: daga washegari an rufe iyakoki, an rufe makarantu, an hana taron da ya wuce mutum 50. Daga 13 ga Afrilu takunkumin fuska, wanda a nan muke ce wa kashne, ya zama dole a bainar jama'a. Da 'yan ajin jarrabawa suka koma makaranta ranar 1 ga Yuni, sai jarrabawowin suka gusa zuwa Yuli da Agusta, wato harabar da muke ara ma ba ta samuwa. 'Yan uwanmu da ke aure a Yola da Mubi kuwa dama Najeriya ta rufe iyakokinta na ƙasa tun Agustan 2019. Na Njamena gadar Ngeli, da ke kan iyakar Chadi da Kamaru, ta zame musu bango.

Kwamiti ya rabu biyu. Hajiya shugaba ta ce a haƙura sai baɗi, ai ko aikin Hajji bana ba a je ba. Ma'ajinmu, wadda duk muke kira Yaya don ta girme mu, ta ce haƙurin ba nata ba ne ita kaɗai, akwai yara marayu da ke jiran kuɗin rajista in an buɗe makarantu a Oktoba, kuma in ba a taru ba babu mai zaro ko dala. Likitarmu ta Faransa ce ta kawo maganar Zoom, manhajar taro ta bidiyo, ta ce su can da shi suke komai yanzu. Aka amince, yawancinmu ba tare da mun san abin da muka amince da shi ba.

Gwajin da ya tona mana asiri

Makonni uku kafin ranar muka yi gwaji, kuma da ba mu yi shi ba da taron ya zama abin kunya. Na tura mahaɗi a zaurenmu na WhatsApp, na ce kowa ta danna da ƙarfe huɗu.

Waɗanda suka shigo a kan lokaci duk na waje ne da ma'aikatan ofis: Faransa, Kanada, Jidda, Duwala, Yawunde. Fuskokinsu fes, muryarsu garau, bayansu labule da kantar littattafai. Kafin minti goma hira ta koma Faransanci tsantsa, ana maganar dokar kulle a Turai da karatun yara a kwamfuta. 'Yan Garwa kuwa, masu gari, sai ɗaiɗai suke leƙowa. Wata ta shigo hotonta ya daskare baki buɗe. Wata muna jin kukan akuya da dakan turmi amma ba ta san ana jin ta ba. Wata ta yi sallama sau uku, babu wanda ya amsa don muryarta na zuwa ne bayan an wuce maganar, sai ta fita. Ana cikin haka minti 40 suka cika, Zoom na kyauta ya yanke mu gaba ɗaya, kamar yadda ƙa'idarsa take a lokacin ga taron mutum uku zuwa sama.

Da daddare na bi su da kira ɗaya bayan ɗaya, a nan na gane girman matsalar. Ba rashin rezo, wato sabis ɗin waya, kaɗai ba ne. Wata ƙaramar waya mai maɓalli gare ta, WhatsApp ɗin ma a wayar ɗanta take ji. Wata wayar ta cika, ba ta ɗaukar sabuwar manhaja sai an goge hotunan bikin 'yarta, ta ce ba za ta goge ba, kuma ban ga laifinta ba. Wata ta ce data ɗin da ta saya na mako guda ya ƙare a zaman nan kaɗai. Gaskiyarta ce, domin taron bidiyo kan iya cinye kusan giga guda a awa. Biyu suka ce maigida bai yarda su fito a kyamara ba tunda ba a san wa ke kallo ba. Amma maganar da ta tsaya mini ita ce ta wata ƙawata da muka yi aji biyu tare kafin a aurar da ita. Ta ce, "Ke sakatariya, ni fa na shiga. Na ga taron masu boko ne, sai na ja jikina."

A harabar makaranta anko kan rufe bambancinmu. A Zoom kuwa mai rezo mai ƙarfi ita ce mai murya, kuma mai rezo mai ƙarfi ita ce dai mai albashi. Mun ɗauka wurin zama kawai muka sauya, ashe har masu magana mun sauya ba mu sani ba.

Sabon tsari

Mun watsar da tunanin kowa ta shiga daga ɗakinta. Muka zaɓi gidaje biyar a cikin gari, a Yelwa, Pumpumre, Lopere, Jambutu da Rumde Ajiya, inda akwai tsakar gida mai faɗi da rumfa, maigidan kuma ya yarda ya ba mu wuri. Kowane gida mata ba za su wuce goma ba, waya ɗaya, ƙaramar lasifika ɗaya, sai yarinya ɗaya cikin 'ya'yanmu da za ta riƙe wayar. Haka aka yi gida ɗaya a Marwa, ɗaya a Ngaundare. Da wannan, wadda ba ta da waya ta samu shiga, wadda ba ta son kyamara ta zauna gefe inda ba a ganin ta amma tana ji tana magana, kuɗin data kuma ya ragu sosai.

Likita ba ta so wannan ba, kuma hujjarta mai ƙarfi ce. Ta ce mun guje wa taro ɗaya mun ƙirƙiro bakwai, kuma ta san mu sarai, ba za mu ga juna mu ƙi rungumar juna ba. Muka yi mata alkawarin buta da sabulu a ƙofa, kashne ga kowa, zama a waje ba a ɗaki ba, sannan duk mai tari ko ciwon suga ko hawan jini mai tsanani ta zauna gida a kira ta. Zan faɗi yadda alkawarin ya ƙare.

Abu na biyu shi ne muka raba gaisuwa da taro. Wanda bai san mu ba zai ɗauka ƙaramin abu ne. Mace ɗaya kafin ta gama tambayar gida, maigida, yara, jikin Inna, ya ruwa, ya haƙurin rashi, minti biyar sun tafi, kuma in aka hana ta ba ta ɗauka an yi taro ba. Kiran WhatsApp a lokacin mutum takwas kawai yake ɗauka, bai isa ba. Saboda haka muka ware mako guda kafin ranar, kowace rana 'yan aji ɗaya, kowa ta aiko saƙon murya a zaure da harshen da ta ga dama, ta faɗi inda take da halin da take ciki. Saƙon murya ba ya cin data, ba ya buƙatar karatu ko rubutu, yana jira har rezo ya dawo, kuma babu mai katse ki. A ganina wannan makon ya fi ranar taron kanta amfani. Matan da ba su taɓa rubuta ko harafi a zauren ba suka yi ta zuba, har wadda ta ce ta ja jikinta ta aiko minti shida tana ba da labarin ranar da malamin lissafi ya kama ta da ƙosai a cikin jaka.

Maganar lokaci ba ta ba mu wahala ba: bayan La'asar zuwa kafin Magariba. Kamaru da Chadi da Najeriya agogonsu ɗaya, ƙarfe huɗu a Garwa biyar ce a Faransa a wannan lokaci na shekara, shida a Jidda, goma sha ɗaya na safe a gabashin Kanada.

Rigimar kuɗi

A nan aka fi ɗaga murya. Wasu suka ce a taɓa asusun marayu a saya wa gidajen data. Yaya ta ce sam, kuɗin marayu ba zai tafi a iska ba. Aka tsaya a kan cewa kason da aka saba kashewa a hayar kujeru da rumfa da girki shi za a karkatar: data, cajin batir na ajiya, da ɗan abin da kowane gida zai dafa. Aka soke anko na bana. Karo-karo kuma aka ce a turo ta Orange Money ko MTN Mobile Money zuwa lambar Yaya, na waje su bi ta hannun 'yan uwansu, ita kuma duk daren Allah ta karanto jimilla a zaure ba tare da ta ambaci wa ta ba da nawa ba. A harabar makaranta akan kira suna da adadi a lasifika, mai sefa dubu ɗaya ta ji kunya kusa da mai dubu hamsin. Da aka daina kiran suna sai ƙananan kuɗi suka yi ta shigowa daga hannayen da ba su saba bayarwa ba. Wasu manyan masu bayarwa kuwa sun ɗan ja hannu, tunda ba tafi. Allah dai ya san zukata.

Don kauce wa yankewar minti 40, likita ta biya kuɗin Zoom na wata guda da katinta, kusan dalar Amurka 15. Mun gode mata, amma ba mu lura da abin da ke biye ba: mai asusun ita ce mai mabuɗi. Ita ke shigar da mutum, ita ke rufe makirfo. A gwaji na biyu hayaniya ta yi yawa, ta danna ta rufe na kowa lokaci guda. A wurinta gyara ne. A Lopere kuwa cewa aka yi daga Faransa an rufe mana baki a garinmu. Sai da Hajiya shugaba ta kira ta, ta ce, "Ƙanwata, ba laifi kika yi ba, amma ki ba yaran nan mabuɗi ɗaya." Aka naɗa 'yar Yaya, ɗalibar jami'a da hutun dole ya dawo da ita gida, ta zama mataimakiyar mai masauki. Aka kuma sa doka: kafin a rufe makirfon gida sai an faɗa da baki, da Hausa ko Fulatanci.

Ranar

Asabar ce, mako guda bayan Babbar Sallah wadda ta kama 31 ga Yuli. Ni ina gidan Yelwa.

Aikin farko da ya kusa gagarar 'yar Yaya shi ne ƙofa. Zoom na ajiye mai shigowa a ɗakin jira, amma maimakon sunaye sai ta ga an jera sunayen wayoyi, TECNO har huɗu, itel biyu, da sunan wani namiji. Mun yi wa mazaje alkawarin ba baƙon da zai shigo, don haka duk wadda aka shigar sai ta yi magana an gane muryarta. Namijin ya zama mijin 'yar ajinmu ta Mubi, da wayarsa ta shigo. Wannan tantancewa ta ci kusan rabin awa, da mun sani da tun uku da rabi muka buɗe.

Aka buɗe da addu'a, ɗaya cikin 'yan uwanmu Kiristoci ma ta yi tata kamar yadda muka saba. Sannan aka bi gida-gida, gidajen Garwa da farko, na waje daga ƙarshe, da gangan. Kowane gida yarinya ta zaga da waya a ga fuskokin masu so, babbarsu ta yi magana a madadinsu. Duk abin da aka faɗa da Faransanci malamar jami'a ta taƙaita shi da Fulatanci, ni in mayar Hausa. Ya ja lokaci, amma babu wadda ta tashi.

Wajen biyar da kwata hadari ya haɗo daga gabas. Agusta ce, tsakiyar damina. Ruwa ya sauko a kan kwanon rumfarmu har ba ma jin junanmu balle waya, wuta ta ɗauke, muka kwashi tabarmi muka dunguma cikin falo, mu goma da yara, tagogi a rufe. Kashne dama tun wajen cin masa ya koma ƙarƙashin haɓa, runguma kuwa tun a ƙofa aka gama ta. Duk abin da likita ta faɗa ya faru. Ba mu ji wadda ta kwanta bayan taron ba, amma ba zan ce dabararmu ce ta hana ba, kuma duk ƙungiyar da za ta kwaikwayi tsarin gidaje ta san cewa wannan ɓangaren mun faɗi. Gidan Jambutu ya ɓace daga layi bai dawo ba sai ana shirin rufewa.

Na Njamena ba su samu shiga yadda ya kamata ba. Tun ƙarshen Yuli gwamnatin Chadi ta takura intanet da WhatsApp, bayan dama ta taɓa toshe kafafen sada zumunta daga Maris 2018 zuwa Yulin 2019. Makon saƙonnin murya duk ya wuce su. A ranar sai na kira ɗaya daga cikinsu da kira na gama-gari, na kara wayata a bakin lasifika, ta ji abin da ta ji har kuɗin suka ƙare.

Sai kuma abin da har yau nake jin nauyinsa. Mun gayyaci tsohuwar malamarmu ta Faransanci, wadda ta yi ritaya ta koma Yawunde, shekaru ba ta iya doguwar tafiyar jirgin ƙasa zuwa Ngaundare balle ta ƙaraso Garwa a mota. Jikanta ya haɗa ta. Wannan kam ribar Zoom ce, domin a harabar makaranta ba za mu taɓa samun ta ba. Ta ce ba ta da jawabi, kiran suna za ta yi kamar a aji. Ta ɗauko wani tsohon littafinta ta fara, kowa na amsawa ana dariya, manyan mata masu jikoki suna ɗaga hannu. Sai ta kira sunan wata 'yar ajinmu da ta rasu cikin azumi, lokacin da ake gaggauta jana'iza ba a bari a taru, yawancinmu ko gaisuwa ba mu samu zuwa ba. Shiru. Ta sake kira, ta ce ko rezo ne. Daga gidan Pumpumre aminiyar marigayiyar ta ce, "Madam, ta riga mu."

Laifina ne. Ni ke da jerin waɗanda suka rasu, na sa karanta shi a ƙarshen ajanda, ban yi tunanin in tura wa Madam tun da wuri ba. Ta cire tabarau ta daɗe ba ta ce komai ba. Hajiya shugaba ta ce a bar ajanda, a karanto sunayen yanzu. Na karanto su, da na iyaye da mazaje da 'ya'yan da aka rasa a shekarar, kowane suna gidaje na amsawa da addu'a, muryoyin na isowa a rarrabe saboda jinkirin layi, wani gida na cewa amin wani bai fara ba. Rahoton kuɗi da zaɓen sabon kwamiti ba a yi su ba ranar. An kira Magariba muna kai.

Bayan taro

Kuɗin marayu ya isa hannun Yaya kafin a buɗe makarantu ranar 5 ga Oktoba, an biya wa yaran da aka saba biya wa. Zaɓe an yi shi daga baya a zaure, da saƙon murya. An ɗauki taron a bidiyo, amma kwamiti ya hana a yaɗa shi saboda alkawarin da aka yi wa masu gudun kyamara. Sauti kawai aka yanka gunduwa-gunduwa aka tura wa na Njamena da Jambutu. Na waje suna son a riƙa haɗa su ta waya kowace shekara ko bayan annoba, na gida wasu na cewa in aka saba musu da haka ba za su ƙara sayen tikitin zuwa ba. Ba a gama wannan gardamar ba.

Ni kuma na zauna da littafina na yi alama a gaban duk wadda aka ji muryarta, ko a gida, ko a Zoom, ko a saƙo. Sunayen da suka rage babu alama kusan duk na waɗanda suka bar makaranta da wuri ne, kuma yawancinsu a cikin Garwa suke, ba Kanada ba. Na hau babur na bi uku daga cikinsu. Ɗaya ta yi ƙaura ba mu sani ba. Ɗaya tana jinyar uwar miji. Ta ukun na same ta tana tankaɗe, ta ce ta ji labari a bakin maƙwabciya, har ta wanke ankon bara ta goge, amma ba wanda ya gaya mata gidan da za ta je, don lambar da ke littafina ta tsohon mijinta ce. Na karɓi sabuwar na rubuta, na kunna mata saƙonnin ajinmu. Ta ajiye rariya, ta ce in mayar mata da na mai ƙosai daga farko.